Waken SAMPEA 20-T: yadda aka auna gubar tsutsa kafin a bari ta shiga tukunya

Duk wanda ya taɓa noman wake ya san ba ranar shuka hankalin manomi ke tashi ba, sai wake ya fara fure. Gona ta yi kore shar kana ta lissafin buhuna, sai ka shiga da safe ka tarar fure na zubewa ƙasa, ka tsinko ɗaya ka ɓare ka ga 'yar tsutsa fara-fara mai ɗigon baƙi jere a gadon bayanta, ta cinye cikin furen ta bar kashinta a bakin ramin, ta kuma saƙa 'yar yana ta manne furen da ganye ta ɓuya. Kwanso na fitowa ta huda shi ta shige ta bi 'ya'yan tun suna ɗanyu. Masana na kiranta Maruca vitrata, uwarta wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, kuma shekarar da ta yi yawa takan ci har kashi 80 cikin 100 na abin da gona za ta bayar. Abin haushin, da yake a cikin fure da kwanso take zaune magani ba ya samunta sosai, shi ya sa za ka ga manomi ya goya famfo yana feshi sau shida sau takwas a damina ɗaya, ba safar hannu ba takunkumi, wani lokacin ma yaro ne ke ɗebo masa ruwan haɗin.

Wannan tsutsar ce asalin waken da ake ta cacar baki a kansa, SAMPEA 20-T, wanda mutane ke cewa waken GMO, wato wanda aka sauya wa ƙwayar gado a ɗakin gwaji. Ba da shi aka fara ba. Cibiyar IITA ta Ibadan mai reshe a Kano sai da ta tankaɗe nau'in wake sama da 15,000 tana neman wanda tsutsar ba ta iya ci don a yi aure da shi, ba a samu na kirki ba. To daga nan ne aka koma wajen wata bakteriya ta cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis, Bt a taƙaice, aka ciro ƙwayar gado guda ɗaya da ke sa ta yin wani furotin mai suna Cry1Ab aka dasa wa wake. Kamfanin Monsanto, wanda yanzu ya koma hannun Bayer, shi ya ba da ƙwayar gadon ba tare da kuɗin mallaka ba ta hannun gidauniyar AATF mai hedikwata a Nairobi. Dashen kansa a Ostireliya aka yi, a cibiyar CSIRO ƙarƙashin T.J. Higgins, kuɗi kuma da yawansa daga USAID. Aikin gona da mayar da shi irin da manomanmu suka saba da shi kuwa a Samaru aka yi, cibiyar IAR ta Jami'ar Ahmadu Bello, Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya ja ragamar. An fara gwaji a killatacciyar gona a 2009, aka yi ta aurar da shi da SAMPEA 10 mai jure wuta-wuta, hukumar NBMA mai ba da izinin kayan GMO a Najeriya, da aka kafa a 2015, ta ba da izini a Janairun 2019, kwamitin rajistar iri ya sake shi a Disambar wannan shekarar, aka ƙaddamar da shi a Kano a Yunin 2021. Shekara goma kenan tsakanin gwajin farko da izini.

Tambayar da kowa ke yi, kuma tambaya ce ta mai hankali, ita ce: abin da tsutsa ta ci ta mutu, ni ya zan ci in kwana lafiya?

Ita Bt ba baƙuwa ba ce. Wani Bajafane, Ishiwata, ya fara gano ta a 1901 tana kashe tsutsar siliki, wani Bajamushe mai suna Berliner ya sake samo ta a 1911 a yankin Turingiya ya raɗa mata suna, Faransa ta fara sayar da ita a matsayin maganin feshi a 1938, Amurka ta yi mata rajista a 1961, kuma har yau masu noman da ba sa amfani da sinadari ita suke fesa wa kabeji da latas. Yadda furotin ɗin ke kisa shi ne, tsutsa ta haɗiye shi, ruwan cikinta mai kanwa-kanwa ne ba mai tsami irin namu ba, sai ya narke, ya je ya maƙale a wasu gurabe na musamman da ke jikin bangon hanjinta, ya huda bangon, tsutsa ta daina ci, kwana ɗaya biyu ta mutu. Guraben nan su ne zancen gaba ɗaya. Kamar kwaɗo da makulli ne, makullin Cry1Ab kwaɗon da ke hanjin tsutsotsin dangin malam-buɗe-littafi kawai yake buɗewa, hanjin mutum da na rago da na kaza ba su da wannan kwaɗon.

Nan wani mai kaifin kai zai ce to ai mu da kanwa muke dafa wake, kenan mun narkar masa da kanmu? Amsar ita ce kanwa ba ta ƙara komai, domin a shukokin Bt furotin ɗin dama ba a dunƙule yake ba kamar yadda yake a jikin bakteriyar, a narke yake, abin da ke tsare mutum shi ne rashin gurbin maƙalewar, sannan tafasa na warware furotin ɗin ya daina aiki. Waken da ya sha wuta har ya yi luguf a garau-garau, ko ƙosan da ya fito daga tafasasshen mai, ko alalar da aka turara, ba a jiran wani aiki daga Cry1Ab ɗin cikinsu.

Amma hukuma ba ta karɓar wannan bayanin kawai ta sa hannu, akwai matakan da duniya ta yarda da su, waɗanda hukumar Codex ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2003, kuma ba gwaji ɗaya ne ke yanke hukunci ba, haɗuwarsu ce. Farko a duba daga ina ƙwayar gadon ta fito, shin tushen nata sananne ne da sa wa mutane alaji kamar gyaɗa ko ƙwai ko kifi? Bt ba ta cikin wannan layin. Na biyu a ɗauki jerin amino asid ɗin furotin, wato ƙananan tubalan da suka gina shi, a zuba a kwamfuta a gwada shi da duk furotin ɗin da aka san suna kawo borin jini ko guba, idan aka samu kama ta wuce kashi 35 cikin 100 a tsawon amino asid 80, to an tsaya kenan sai an ƙara bincike. Cry1Ab bai yi kama da ko ɗaya ba.

Na uku shi ne wanda ni na fi ganin ƙimarsa don ko wanda bai yi kimiyya ba zai gane shi. Ana haɗa ruwan tumbi na roba a kwalba, asid mai tsami sosai da fefsin, sinadarin da ke narkar da nama a cikinmu, a ɗumama shi daidai zafin jikin mutum, a zuba furotin ɗin a ciki, mutum na riƙe da agogo. Bayan daƙiƙa talatin a ɗibi kaɗan a kashe aikin fefsin ɗin, bayan minti biyu a sake ɗiba, minti biyar, minti goma, har awa ɗaya. Sai a jera su a kan wani faranti mai kama da daskararren kamu a sa masa lantarki, kowane furotin ya fito da layinsa. A ɗibar farko kafin a zuba shi a ruwan za ka ga layi baƙi ƙirin, a na gaba ya dusashe, a na bayansa babu. Cry1Ab cikin 'yan mintoci layinsa ke ɓacewa. Dalilin damuwa da wannan shi ne da yawa daga furotin ɗin da ke kawo alaji masu taurin kai ne, sukan tsallake tumbi su isa hanji da ƙarfinsu inda garkuwar jiki za ta gan su ta tayar da hankali.

Sai na ɓeraye. Ana ɗura musu tsantsar furotin ɗin da yawan gaske a zuba musu ido kwanaki, a auna nauyinsu, daga baya a duba kayan cikinsu. A gwajin da aka yi wa Cry1Ab tun zamanin masarar Bt mai suna MON810 an kai miligiram 4,000 a kowane kilo na nauyin ɓera ba a ga illa ba. Mu yi lissafin da kanmu. Mutum mai kilo 60 kwatankwacinsa giram 240 ne na tsantsar furotin. Shi kuwa a jikin shuka ɗan mitsitsi ne, da kashi cikin miliyan ake auna shi, to mu ɗauka a misali akwai miligiram 10 a kowane kilo na wake, sai mutum ya ci kilo 24,000, buhu 240 kenan mai kilo ɗari-ɗari, ɗanye, a zama ɗaya, kafin ya kai adadin da ko ɓeran bai yi masa komai ba. Ƙarshe kuma a auna waken kansa da ɗan'uwansa da ba a taɓa ba, furotin, sitaci, mai, ma'adanai, da 'yan sinadaran da dama wake ke da su masu hana narkewar abinci, a ga ko dashen ya jirkita wani abu da ba a nufa ba. Akwai ma furotin na biyu a cikin waken, NPTII, wanda aka sa don a gane ƙwayoyin da dashen ya kama, shi ma tsohon sani ne a wannan harkar kuma irin wannan tankaɗen aka yi masa.

Wani zai ce wannan ai jarrabawa ce da ba a faɗuwa. Ana faɗuwa. A 1998 hukumar muhalli ta Amurka ta duba wata masara mai suna StarLink, wadda daga baya ta koma hannun kamfanin Aventis, mai ɗauke da furotin Cry9C, ɗan gidan su Cry1Ab ne amma shi da aka sa shi a ruwan tumbin nan ya ƙi narkewa da wuri, zafi ma bai cika lalata shi ba. Sai hukumar ta yi wata dabara da ta zame mata abin kunya, ta ce a noma don dabbobi amma ban da mutane. Yo masara a rumbu ɗaya da mota ɗaya da injin niƙa ɗaya wa zai raba? A Satumbar 2000 wasu ƙungiyoyin kare muhalli suka kai abincin kanti ɗakin gwaji aka samu StarLink a ciki, kamfanin Kraft ya janye kayansa, aka bi da janye kayan abinci sama da iri 300, aka tsinci masarar har a kayan da aka kai Japan, Aventis ya ajiye rajistarsa. Mutane da dama sun kai ƙorafin cewa ta sa musu alaji, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta gwada jinin 17 daga cikinsu a 2001 ba ta ga alamar jikinsu ya yi faɗa da Cry9C ba. Wato ba a tabbatar ta cutar da kowa ba, amma shakkar da gwajin narkewa ya haifar kaɗai ta isa ta kashe ta, kuma Amurka ta daina ba da irin wannan rabin izinin.

Na biyun ya fi kusa da mu don a gidan da aka yi mana wakenmu ya faru. Su Higgins ɗin nan sun kwashe kusan shekara goma suna aiki kan wani fis, koren waken nan na Turawa, da suka dasa wa furotin daga wani nau'in wake, wanda ke hana ƙwaro narkar da sitaci. Yana aiki sosai a gona. A 2005 masu bincike a jami'ar ƙasa ta Ostireliya da ke Kanbera suka gwada shi a ɓeraye suka ga kumburi a huhunsu, CSIRO ta rufe aikin. Daga baya a 2013 wani binciken a Biyana bai samu wani bambanci tsakaninsa da waken da aka ciro furotin ɗin daga jikinsa ba, amma aikin ya riga ya mutu. Ni dai wannan labarin ya fi min duk wata takardar talla, domin ya nuna mutanen na iya zubar da aikin shekara goma kan sakamakon ɓeraye.

Yanzu inda masu suka ke da abin faɗa. Ƙungiyar kare muhalli ta HOMEF ta Nnimmo Bassey da ire-irenta sun daɗe suna cewa hujjar aro ce, kuma akwai gaskiya a ciki ta wani ɓangaren: ƙarfin takardun waken nan ya dogara ne kan tarihin Cry1Ab a masara tun 1996, ba wai an fara komai daga sifiri a Zariya ba. Haka kuma a al'adar wannan gwajin, furotin ɗin da ake ɗura wa ɓeraye a jikin bakteriya ake noma shi, don ba za ka iya tatso giram-giram daga shuka ba, sai dai a nuna cewa shi da na shukar abu ɗaya ne a nauyi da jeri da aiki. Kuma mai neman izini shi ke kawo bayanan, hukuma dubawa take. Wannan na ƙarshen ba Najeriya kaɗai ba, haka ake a Amurka da Turai, haka ake da magungunan asibiti ma, amma bai hana a ce da sake ba. Sai dai aron hujja a kan furotin ɗaya ba laifi ba ne idan furotin ɗin ɗaya ne, kuma an samu masu zaman kansu sun bi sawu. Tarayyar Turai, wadda ba ta ƙaunar GMO ko kaɗan, ta zuba kuɗinta a wani aiki mai suna GRACE daga 2012 zuwa 2015, aka ciyar da ɓeraye masarar MON810 har kashi 33 cikin 100 na abincinsu, wasu kwana 90 wasu shekara guda, ba a ga illa ba.

Hotunan ɓerayen nan masu ƙari ƙato-ƙato da ke yawo a WhatsApp duk lokacin da zancen ya taso kuwa, daga binciken Séralini ne na 2012, masarar da ya gwada ma ba ta Bt ba ce, mai jure maganin ciyawa ce, ɓerayen irin da dama ke yin ƙari ne in sun tsufa, goma-goma ya sa a rukuni, mujallar ta janye takardar a 2013 kafin wata ta sake bugawa. Akwai kuma na Kanada na 2011 da ya ce an ga Cry1Ab a jinin mata masu ciki, wanda aka soka don kayan awon da aka yi amfani da su na auna ganye da hatsi ne ba a tabbatar da su a kan jinin mutum ba.

Wake a wajenmu ba 'ya'yan kawai ba ne, akwai harawa, wadda wani manomin ma ita ce ribarsa in sallah ta matso. Furotin ɗin ya fi yawa a ganye da fure da ɗanyen kwanso fiye da busasshen wake, dole ne ma don nan tsutsar ke ci, kuma rago ba dafa masa ake ba. A nan hujjar ita ce shanun duniya da suka shekara ashirin da wani abu suna cin karan masarar Bt da ganyenta ɗanye, da kuma rashin gurbin nan a hanjin dabba. Ƙudan zuma da ƙwarin da ke cin wasu ƙwari an yi nazarinsu a yankin nan na Afirka ta Yamma, kuma duk wanda ya ga yadda feshi takwas ke share gona ba zai ce feshi biyun da aka ce a yi wa waken nan ya fi shi ɓarna ba. Abin da ya bambanta mu da Amurka shi ne waken daji, wanda wasu ke kira waken gizo, yana nan a bakin gonaki kuma yana iya aure da na gida, duk da wake yawanci kansa yake yi wa barbara. An san ƙwayar gadon za ta iya tsallakawa jefi-jefi, hukuncin da masana suka yanke shi ne ba tsutsar nan ce ke taƙaita yaɗuwar waken daji ba, saboda haka samun kariya daga gare ta ba zai mai da shi annoba ba. Wannan hukunci ne na hankali, kuma irin wanda ya kamata a riƙa komawa ana dubawa ne bayan shekaru.

Akwai abin da ya kamata malaman gona su riƙa faɗa da ƙarfi don talla na haɗiye shi: waken nan tsutsa ɗaya yake kashewa. Darɓa na nan, ƙananan ƙwarin fure na nan, masu tsotse kwanso na nan, shi ya sa aka ce feshi biyu ba a ce babu feshi ba. Uwa uba ƙwaron ajiya, wanda ke mai da buhu gari, shi ɗan wani dangi ne daban, Cry1Ab ba ya masa komai. Kuma gubar da aka tabbatar tana cikin wakenmu daga nan take shigowa. A Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda dikulobos, sinadarin fiya-fiya kenan, iyakar da suka yarda miligiram 0.01 ce a kilo, aka samu wanda ya kai 4.6. Wannan ba a Samaru aka dasa shi ba, a sito aka zuba. Abin mamaki mutum zai rantse ba zai ci waken GMO ba sannan ya auno wanda ɗan kasuwa ya yi wa wanka da fiya-fiya, alhali buhun PICS mai ciki uku, wanda jami'ar Purdue ta ƙirƙiro, yana kashe ƙwaron da rashin iska kawai.

Ni a ganina inda lamarin ya yi rauni ba a ɗakin gwaji ba ne, bayan an saki irin ne. Doka ta ce a sa wa kayan GMO alama. To a ina? A jakar iri ta kamfani, eh. Amma je Dawanau ka tsaya ka ga yadda wake ke shigowa, ɗan kiri ya tara tiya biyar nan tiya goma can daga ƙauyuka, dillali ya juye su a buhu ɗaya ya ɗinke, motar Legas ta ɗauka, mai ƙosai ta auni mudu uku, fari ne dai kamar kowane fari. Wanda ya ce shi ba ya so, ko da dalilinsa bai gamsar da ni ba, haƙƙinsa ne ya sani, kuma a yanzu ba shi da hanyar sani. Haka idan da wani zai samu matsala, ba yadda likita zai danganta ta da wani wake. Sannan izinin NBMA a iyakar Najeriya ya tsaya, iri kuwa ba ya tsayawa, tsakanin Jibiya da Maraɗi ko Maigatari da ƙauyukan Damagaram wake na kai da kawo a buhu da aljihu tun kafin a ja iyakar, alhali yarjejeniyar Kartahena, ta ƙasashen duniya kan kayan GMO, ta ce kowace ƙasa ita ke yanke wa kanta hukunci. Gana ta bi nata layin, cibiyar SARI da ke Nyankpala kusa da Tamale ta yi nata gwajin, hukumarsu ta amince a 2022, suka saki nasu Songotra-T a 2024.

Ga kuma rashin yarda, wanda ba daga sama ya faɗo ba. Mutanen da suka ga abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin da Pfizer ta yi gwajin maganinta Trovan da yara 200, kusan rabinsu aka ba shi, ana tsakiyar annobar sanƙarau, 11 daga cikin 200 ɗin suka rasu, ba za ka zo musu da takardar Turanci mai shafi ɗaruruwa ka ce an ajiye ta a ofis kowa ya je ya karanta, ka ɗauka ka gama ba. Shi ya sa jita-jitar hana haihuwa ta samu wurin zama duk da babu wata hanya da furotin da ke narkewa a tumbi zai bi ya yi hakan, da ta cewa irin ba ya sake tsirowa, alhali duk wanda ya ajiye shi ya shuka baɗi zai ga ya fito, fasahar kashe tsiron iri ba a taɓa sayar da ita a ko'ina ba. Da aka saki masarar GMO mai suna TELA a Janairun 2024 rigimar ta sake tashi har Majalisar Wakilai ta nemi a dakata da shigo da sababbin irin GMO sai an yi bincike. Duk abin da na zayyana a sama ana iya faɗinsa da Hausa a rediyo cikin rabin awa, har da abin da gwajin bai rufe ba.

Haɗarin da ya fi kusa da faruwa ma ba na ciki ba ne, na gona ne. Furotin mai kashe tsutsa ɗaya ne tak a waken, tsutsa kuwa tana sabawa. A Afirka ta Kudu an fara noman masarar Cry1Ab a 1998, zuwa 2007 aka ba da rahoton tsutsar kara Busseola fusca na cin ta tana rayuwa, babban dalili kuwa manoma ba su bar ɓangaren gona da masarar gargajiya ba kamar yadda aka ce su yi, inda tsutsotsin da ba su saba ba za su hayayyafa su auri masu taurin su dilmiyar da taurin. A Indiya ma jar tsutsar auduga ta yi haka da Cry1Ac a Gujarat. A nan lissafin da aka yi shi ne Maruca na da wasu gidajen, itatuwa da ciyayi dangin wake da ke kudu inda take rani, daga can take biyo damina ta hauro arewa, ga kuma gonakin waken gargajiya da har yanzu su ne mafi yawa. Lissafin na tafiya muddin waken Bt bai mamaye ko'ina ba, wato in ya karɓu sosai kariyar na raguwa, sai an riƙa kamo tsutsa duk damina daga jihohi daban-daban ana gwada ko adadin da ke kashe ta ya fara hawa, aikin da ke son kuɗi duk shekara ba na ranar ƙaddamarwa ba.

Shi ya sa ake aikin zubi na biyu da za a ƙara masa Cry2Ab, wanda ke maƙalewa a wani gurbin daban a hanjin tsutsar, ta yadda wadda ta tsallake ɗaya ɗayan zai kama ta. Shi ma ba baƙo ba ne a ƙasar, yana cikin audugar Bt da aka saki a 2018. Amma izinin 2019 bai rufe shi ba, sabon wake ne da sabuwar takarda, sai an sake auna yawansa a fure da ganye da ƙwaya, a sake duba narkewarsa, a duba ko haɗuwar furotin biyun ta canza wani abu, NBMA kuma ta buga sanarwa ta ajiye takardun kwana 21 don jama'a su duba su kawo ƙorafi a rubuce kafin kwamiti ya zauna.